DARASIN TURANCI: Sanin Manyan Kalmomi Ta Hanyar Ma'anarsu

Wanda ya gama ajin farko na yaƙi da jahilci ya iya karatun Hausa. Yana rubuta sunansa. Yana karanta wasiƙa da kansa, ba sai ya kai wa wani ya ji sirrinsa ba. Wannan babbar nasara ce. To amma idan ya shiga kasuwa ko asibiti ko banki, sai ya tarar da wani rubutu dabam. Haruffan duk ya san su, amma maganar ba ta shiga kansa. Rubutun Turanci ke nan.

A Ɗanzomo da ƙauyukan da ke kewaye da ita, Hausa ake yi a gida da gona da kasuwa. Duk da haka Turanci yana shigowa gari kullum. Yana jikin buhun taki. Yana jikin kwalbar maganin feshi. Yana kan katin asibiti da takardar rance da saƙon da banki ke aikowa ta waya. Wanda ya je cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko ya je asibiti a Gumel, ko sakatariyar ƙaramar hukuma a Sule Tankarkar ko Gagarawa, ba zai dawo gida ba sai ya ci karo da shi.

Kalmomin da ke kan waɗannan takardu ba irin na gaisuwa ba ne. Manyan kalmomi ne, kuma kuskuren fahimtar guda ɗaya yana iya jawo asara. A ce manomi ya ga ƙwari sun sauka a gonar wakensa. Ya aiki yaro ya sayo magani. Yaro ya kawo kwalba an rubuta herbicide a jikinta. Manomi ya fesa. Bayan kwana kaɗan wake ya ƙone, domin maganin ciyawa ne aka sayo. Wanda ya kamata a sayo shi ne mai rubutun insecticide, wato maganin ƙwari. Kalmomin biyu sun yi kama a ido, amma tsakaninsu akwai wahalar damina guda.

Wannan darasi zai nuna yadda mai karatu zai riƙa tara irin waɗannan kalmomi da kaɗan-kaɗan, ta hanyar sanin ma'anar kowace ɗaya sosai.

BA DAGA TUSHE AKE FARAWA BA

Bahaushe ya riga ya san kalmomin Turanci da yawa ba tare da ya lura ba. Hausa ta aro su tun zamanin Turawa, ta gyara musu baki yadda za su yi daɗin faɗa. Ga kaɗan daga ciki:

Asibiti daga hospital.
Likita daga doctor.
Direba daga driver.
Kafinta daga carpenter.
Rasit daga receipt.
Adibas daga advance.
Balas daga balance.
Rajista daga register.

Saboda haka idan ɗalibi ya ga sabuwar kalma, ya fara gwada furta ta a hankali. Sau da yawa kunnensa zai gaya masa cewa tsohuwar saniyarsa ce aka canza wa igiya. Sai dai rubutun Turanci ba ya bin furuci sau da ƙafa kamar na Hausa. A cikin receipt akwai harafin p, amma ba a furta shi. Don haka kowace kalma ana koyon abu uku game da ita: yadda ake rubuta ta, yadda ake furta ta, da abin da take nufi.

MENE NE BAYANIN MA'ANA?

Bayanin ma'ana gajeriyar magana ce da ke faɗin abin da kalma take nufi. Mai kyau yana yin aiki biyu. Da farko yana faɗin dangin abu. Sannan yana faɗin abin da ya bambanta shi da 'yan uwansa.

A gwada da Hausa tukuna. Mene ne rumbu? Rumbu ɗaki ne da ake ajiye hatsi a ciki. Kalmar ɗaki ta faɗi danginsa. Ajiye hatsi kuma ya raba shi da ɗakin kwana da zaure. Mene ne lauje? Lauje kayan aiki ne na ƙarfe mai lanƙwasa da ake yankan ciyawa da shi. Kayan aiki shi ne dangi, sauran bayanin kuma ya raba shi da fartanya da gatari.

Haka Turanci yake yi. A duba waɗannan biyu:

A herbicide is a chemical that kills weeds.
An insecticide is a chemical that kills insects.

Dukansu sun ce chemical, wato sinadari. Dukansu sun ce kills, wato yana kashewa. Kalmar ƙarshe ce ta raba gardama. Weeds ciyawa ce, insects kuma ƙwari ne. Wanda ya san waɗannan ƙananan kalmomi huɗu ya buɗe manyan kalmomi biyu.

Wannan shi ne sirrin darasin gaba ɗaya: da ƙananan kalmomi ake buɗe manya. Wani malami ɗan Ingila mai suna Michael West, wanda ya daɗe yana koyar da Turanci a ƙasar Indiya, ya tabbatar da haka. A shekarar 1935 shi da abokin aikinsa suka fitar da ƙamus don masu koyo. Dubban kalmomin da ke cikinsa duk an bayyana ma'anarsu da ƙananan kalmomi 1,490 kacal. An daɗe ana amfani da wannan ƙamus a makarantun Nijeriya.

MABUƊAN BAYANI

Akwai wasu gajerun kalmomi da bayanin ma'ana ya saba farawa da su. Wanda ya haddace su ya sami rabin amsa tun kafin ya gama karanta layi.

A person who: mutumin da. Ana maganar mutum ke nan.
A place where: wurin da. Ana maganar wuri.
A thing used for: abin da ake amfani da shi don. Ana maganar kayan aiki.
Money that: kuɗin da. Ana maganar wani irin kuɗi.
To: idan bayani ya fara da ita, kalmar aiki ce, kamar biya ko sha ko cire.

Hausa ma tana da irin wannan rabo. Manomi mutum ne, majema wuri ne, magirbi kayan aiki ne, noma kuma aiki ne. Wanda ya gane wannan a harshensa ba zai sha wahalar gane shi a Turanci ba.

ƘAMUSOSHIN DA AKE DA SU

Ƙamus littafi ne da aka tara kalmomi a ciki, aka jera su bisa tsarin haruffa, aka bayyana ma'anarsu. Iri uku ne suka shafi mai koyo.

Na farko, na Hausa zuwa Turanci. Ana neman kalmar Hausa a ga takwararta ta Turanci. Babba a cikinsu shi ne na Bargery, wanda ya fito a 1934. Sai na Abraham a 1949. Sai wanda Paul Newman da Roxana Ma Newman suka shirya tare da masana a Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, Kano, wanda ya fito a 1977.

Na biyu, na Turanci zuwa Hausa. Wannan shi ne ya fi amfani ga wanda ya ga kalma a jikin kwalba ko takarda. Akwai Ƙamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner, wanda aka buga a Zariya a 1965. Akwai kuma na Roxana Ma Newman na 1990.

Na uku, na Turanci zalla, wanda ke bayyana Turanci da Turanci. Na Michael West yana cikin wannan rukuni. Haka ma na Oxford na masu koyo, wanda wani malami mai suna Hornby ya shirya, aka buga a 1948, aka kuma yi ta sabunta shi.

Sabon ɗalibi ya fara da iri na biyu. Idan ƙafarsa ta yi ƙarfi, sai ya riƙa haɗawa da na uku. Dalili kuwa shi ne, wani lokaci kalmar Hausa ɗaya takan tsaya wa kalmomin Turanci da yawa. Magani a Hausa ya haɗa na mutum da na dabba da na ƙwari da na ciyawa. Turanci kuwa ya ba kowanne sunansa, kuma bayanin ma'ana ne ke nuna bambancin.

Idan ƙamus ya fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya, 'yan aji suna iya yin karo-karo su sayi guda, a ajiye wurin malami. Mai babbar waya kuma yana iya sa ƙamus a cikinta, har ya danna ya ji yadda ake furta kalma.

YADDA AKE NEMAN KALMA

Turanci yana da haruffa 26. Ga su a jere:

a b c d e f g h i j k l m n o p q r s t u v w x y z

Huɗu daga ciki, wato p da q da v da x, ba a cika ganinsu a rubutun Hausa ba. Turanci kuma ba shi da ɓ da ɗ da ƙ. Dole ɗalibi ya haddace wannan jeri kamar yadda ya haddace ƙidaya, domin da shi ake tafiya a cikin ƙamus.

A ce ana neman kalmar dilute. Ga matakan da za a bi:

1. A dubi harafin farko. Shi ne d, na huɗu a jeri. Saboda haka kalmar tana kusa da farkon littafi.
2. A dubi harafi na biyu. Shi ne i. A wuce kalmomin da suka fara da da, a wuce masu de, a tsaya a kan masu di.
3. A dubi harafi na uku. Shi ne l. A wuce dif da dig, har a iso dil.
4. A riƙa duban saman shafi. Yawancin ƙamusoshi suna rubuta kalmar farko da ta ƙarshe ta shafi a can sama. Idan kalmar da ake nema ba ta faɗa tsakaninsu ba, a juya shafi.

Idan an sami kalma, za a ga wani ɗan harafi kusa da ita. Harafin n yana nufin suna ne. Harafin v yana nufin kalmar aiki ce. Haruffan adj suna nufin sifa ce, kamar fari ko babba. Bayan haka sai ma'ana, sai misali. Kada a tsallake misalin, domin shi ke nuna yadda kalma take zama a cikin magana.

Wani lokaci a nema a rasa. Sau da yawa dalilin shi ne kalmar ta sauya kama. Wanda ke neman gidaje a ƙamusun Hausa, gida zai duba. Haka wanda ya ga paid zai duba pay, wanda ya ga children zai duba child, wanda ya ga tablets zai cire s ya duba tablet. Wani dalilin kuma ya shafi wannan yanki na bakin iyaka. Wasu kayan da ke shigowa Maigatari daga Jamhuriyar Nijar da Faransanci aka yi rubutun jikinsu. Haruffan iri ɗaya ne, amma ƙamusun Turanci ba zai fassara su ba.

KALMOMIN WANNAN WATA

Rukuni na ɗaya: gona

Fertilizer. A substance that helps plants grow. Takin zamani.
Net weight. The weight of the goods without the bag. Nauyin kaya ban da buhu ko mazubi. Babban buhun taki kilo 50 ne.
Dilute. To add water to a liquid. A sirka da ruwa. Ana furta ta kamar dailut. Takardar jikin kwalba tana faɗin yawan magani da yawan ruwa. Wanda ya ƙara magani fiye da ƙima yana iya ƙona shuka, ya kuma cutar da kansa.
Poison. A substance that can kill. Guba. Toxic kuma sifa ce, wato mai guba.
Pre-harvest interval. The days to wait between spraying and harvest. Kwanakin da za a jira bayan feshi na ƙarshe kafin a girbe ko a tsinka a ci.

Rukuni na biyu: magani

Dose. The amount of medicine to take at one time. Gwargwadon maganin da za a sha a lokaci guda.
Overdose. Too much medicine. Shan magani fiye da ƙima.
Twice daily. Two times every day. Sau biyu a rana.
External use only. For the outside of the body. Na shafawa ne kawai, ba a sha.
Expire. To come to an end. Wa'adi ya cika. A jikin kwali ana taƙaita ta da EXP. Idan an rubuta EXP 06/2027, bayan watan Yuni na 2027 kada a yi amfani da maganin. MFG ko MFD kuwa lokacin da aka yi shi ne. Mutane da yawa sukan rikita biyun.

Rukuni na uku: kuɗi da banki

Deposit. To put money into a bank. Ajiye kuɗi.
Withdraw. To take money out. Cire kuɗi.
Credit. Money that comes into an account. Kuɗi sun shiga. A saƙon waya ana taƙaita ta da Cr.
Debit. Money that goes out of an account. Kuɗi sun fita. Ana taƙaita ta da Dr.
Loan. Money that must be paid back. Rance. Grant kuwa tallafi ne da ba a mayarwa.
Disclose. To tell something secret. Bayyana sirri. Idan saƙo ya ce do not disclose, yana nufin kada a faɗa wa kowa lambar da aka aiko, ko da mai kira ya ce shi ma'aikacin banki ne.

Rukuni na huɗu: takardun yarjejeniya

Witness. A person who sees something done and signs. Shaida.
Guarantor. A person who promises to pay if the borrower fails. Mai tsaya wa wanda ya ci bashi.
Collateral. Property that the lender can take if the loan is not paid. Kadarar da aka ba da jingina.
Lease. An agreement to use land for a fixed time. Hayar fili ko gona na wani wa'adi.
Sale. The act of selling. Sayarwa, wato an rabu ke nan.
Compensation. Money paid for a loss. Diyya.
Next of kin. The closest relative. Ɗan uwa mafi kusa da za a tuntuɓa idan wani abu ya faru. Rubuta sunan mutum a wannan gurbi shi kaɗai ba ya mayar da shi magaji.

A tsaya a kan witness da guarantor. A ƙasan takardar rance sukan zo kusa da juna, kowanne da layin sa hannu ko dangwala yatsa. Shaida yana cewa ne kawai a gabansa aka yi. Mai tsayawa kuwa ya ɗauki nauyi: idan mai bashi ya kasa biya, shi za a nema. Mutum yana iya zuwa don ya yi wa maƙwabci kara, ya sa hannu a layin da bai karanta ba, bayan shekara a zo ana neman awakinsa. Haka lease da sale. Ɗaya gona tana dawowa bayan wa'adi, ɗaya kuwa ta tafi har abada.

KALMA ƊAYA, MA'ANA BIYU

Bahaushe ya san baki na cin abinci, ya san bakin kogi, ya san bakin kasuwa. Kalmar ɗaya ce, wurin da ta zauna ne ke nuna ma'anarta. Turanci ma haka yake. Shi ya sa ƙamus yake sa lamba 1, 2, 3 a ƙarƙashin kalma. Kuskuren sabon ɗalibi shi ne ya karanta ta farko ya rufe littafi.

Interest tana nufin sha'awa. Amma a takardar rance tana nufin kuɗin ruwa. Interest-free kuma rancen da babu ruwa a kansa. Bank tana nufin banki, tana kuma nufin gaɓar kogi. Dr a gaban sunan mutum likita ne ko dakta, a saƙon banki kuwa fitar kuɗi ce.

Kalmomin da ke maƙwabtaka da babbar kalma su ma abin lura ne. A ce mutum ya karɓi rancen Naira 100,000, takarda ta ce interest 10% per annum. Per annum na nufin a shekara. Bayan shekara guda zai biya Naira 110,000. Idan kuwa takarda ta ce 10% per month, a wata ke nan. Ruwan kowane wata Naira 10,000 ne. A wata 12 ya zama Naira 120,000, ban da uwar kuɗi. Jimla Naira 220,000. Kalma ɗaya ta ninka bashi.

YADDA AKE FARKE DOGUWAR KALMA

Doguwar kalma takan ba da tsoro, amma yawanci guntaye ne aka haɗa. Wanda ya san guntayen yana iya hasashen ma'ana.

Cide a ƙarshe: mai kashewa. Herbicide, insecticide, da pesticide, wadda ta haɗa dukan magungunan kashe abin da ke ɓarna a gona ko rumbu.
Un a farko: kishiya. Paid an biya, unpaid ba a biya ba. Safe babu haɗari, unsafe akwai haɗari.
Re a farko: sake ko mayarwa. Pay biya, repay mayar da bashi. New sabo, renew sabunta.
Over a farko: wuce ƙima. Overdose, da overload, wato lodin da ya fi ƙarfin mota.
Er ko or a ƙarshe: mai yin aiki. Farm noma, farmer manomi. Buyer mai saye, seller mai sayarwa. Wannan daidai yake da ma a cikin manomi da maƙeri da maɗinki.
Ex da im a cikin export da import: fita da shiga. Riɗi da zoɓo da ake fitarwa ƙasashen waje export ne. Kayan da ake shigowa da su import ne.

Amma hasashe ba tabbas ba ne. Uncle ta fara da un, alhali kawu ko baffa take nufi. Read ta fara da re, alhali karatu take nufi. A yi hasashe, sannan a buɗe ƙamus a tabbatar.

YADDA AKE RIƘE KALMA KADA TA GUDU

Sanin ma'ana yau abu ne mai sauƙi. Tuna ta bayan wata guda shi ne aiki. Wani masani Bajamushe mai suna Ebbinghaus ya yi bincike a kan mantuwa, ya buga sakamakonsa a 1885. Ya gano cewa mutum ya fi saurin mantuwa a sa'o'in farko da kwanakin farko bayan ya koyi abu, kuma maimaici bayan ɗan lokaci yana rage ta. Ga hanyar da za a bi:

1. A ware littafin rubutu guda don kalmomi kawai. A ja layi a raba kowane shafi gida huɗu: kalma, furuci, ma'ana da Hausa, da wurin da aka gan ta.
2. A ɗauko kalmomi daga abin da ke hannu, kamar buhu da kwalba da kati da rasit. Kalmar da mutum ya gani a kan kayansa ta fi zama a kai.
3. Kada a wuce kalma 5 a mako. A shekara sun zama 260. Da yayyafi kogi kan cika.
4. A maimaita washegari, sannan bayan kwana uku, sannan bayan mako, sannan bayan wata. A rufe gefen Hausa da hannu a gwada tunawa kafin a duba.
5. A yi gajeriyar jimla da kowace kalma, a faɗe ta da baki.
6. A koya wa wani. Maigida ya koya wa uwargida, uwa ta tambayi 'yarta ɗaliba, aboki ya yi wa aboki tambaya a inuwa bayan an taso daga gona.

A riƙa rubuta kalmomi masu kama da juna a shafi ɗaya, kamar credit da debit, loan da grant, lease da sale. Idan suna gefen juna, bambancinsu ya fi fitowa.

GARGAƊI

Ƙamus mataimaki ne. Ba ya maye gurbin malamin gona ko malamin asibiti. Wanda ya karanta kwalba bai gamsu ba, ya tambayi masani kafin ya sha ko ya fesa. Wanda aka miƙa wa takardar bashi ko ta gona, yana da damar ya ce a ba shi lokaci ya karanta. Ya nemi kwafe ya tafi da shi gida, ya ja layi a ƙarƙashin kowace kalmar da bai sani ba, ya duba ta, ya kuma nuna wa wanda ya amince da shi. Mai gaskiya ba zai ƙi jiran kwana ɗaya ba. Matambayi ba ya ɓata, kuma gemu ba ya hana neman ilimi.

AIKIN GIDA

1. A jera waɗannan kalmomi bisa tsarin haruffa: loan, dose, lease, debit, deposit.
2. Wace kwalba za a saya idan ciyawa ta dami gero, wace kuma idan ƙwari suka dami wake?
3. An rubuta MFG 03/2025 da EXP 03/2028 a jikin kwali. Yaushe aka yi maganin, yaushe wa'adinsa zai cika?
4. Saƙo ya shigo waya an rubuta Dr 5,000. Kuɗi sun shiga ne ko sun fita?
5. Mene ne bambanci tsakanin witness da guarantor?
6. An ba da rancen Naira 50,000 a kan 10% per annum. Nawa za a biya bayan shekara guda?
7. Lock na nufin kulle. Me unlock take nufi?
8. A nemo buhu ko kwalba ko kati a gida, a kwafo kalmomin Turanci 5 daga jikinsa, a rubuta su a littafin kalmomi tare da ma'anarsu.

A rubuta amsoshi da kyau, a kai wa malamin aji ya duba a zama na gaba.